Daga Mushe Zuwa Mai Mota

A ƙasar Hausa mutum yana da sunan da aka raɗa masa ranar bakwai, yana kuma da sunayen da rayuwa take raɗa masa daga baya, ba rago, ba goro. Na farkon yana nan yadda yake har kabari. Na bayan kuwa hawa suke yi suna sauka, domin da su jama'a ke auna mutum, su ajiye shi inda suka ga ya dace da shi. Ɗaliban ilmin harshe sun san wannan a aji, inda ake koya musu cewa kalmar da aka kira mutum da ita takan fallasa matsayinsa tun kafin a ga rigarsa. Wani matashi na Kore Mairuwa ya san shi a jikinsa, domin cikin shekara biyu sunan da ake kiransa da shi ya sauya sau uku, kuma kowane sauyi ya zo da nasa ɗacin ko nasa daɗin.

Kore Mairuwa gari ne na Arewa, a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Dosso ta nufi Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi da Damagaram. Har zuwa 2011 a ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi garin yake. A wannan shekara aka yanke gundumar Tibiri, ta haɗa Kore Mairuwa da Dumega da Geceme da Tibiri kanta. Ƙasar tana kwance a kwarin Dallol Mawuri, inda ruwa bai yi nisa da ƙasa ba, shi ya sa bayan gero da wake da gyaɗa na tudu ake samun rogo da rake a fadamu. Daga gabas akwai iyakar Najeriya, kuma a ƙetarenta, cikin jihar Kebbi, akwai wata Arewar mai hedikwata a Kangiwa, dangi ɗaya, harshe ɗaya. Duk wanda ya tashi a irin wannan gari ya tashi da ƙarar mota a kunnensa, amma iyayen da suka sa ɗansu lakwal ba su taɓa sa shi don ya ƙare a tasha ba.

Shi ɗan fari ne, kuma mahaifinsa ya rasu yana kolej. Ya ci birebe, ya tafi lise a Dutsi ya ci bak, ya wuce Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya fito da digiri a ilmin zamantakewa. Shekara biyu na bautar ƙasa ya yi su yana koyarwa, a nan ne ya sami sunansa na farko na girma: Mushe. Kalmar daga Faransanci ta shigo, inda take nufin kowane namiji da ake girmamawa, amma Hausar Nijar ta ƙuntata ma'anarta ta bar wa malamin lakwal. Daga koyarwa ya sami aiki a wani furoje na wata ƙungiyar ƙasashen waje, aka ba shi babur da albashi, yana zagaya ƙauyuka yana tara mata da manoma yana cika takardu. Sunan bai bar shi ba. Tsofaffin da suka goya shi ma Mushe suke ce masa, kuma idan an yi baƙo a gidan hakimi ko an kawo wata takarda da ba a gane ba, shi ake aika wa yaro ya kira.

Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga watan Cedeao ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, masu ba da agaji da dama suka ɗage hannunsu. Kafin shekarar ta ƙare furojen ya naɗe tabarmarsa. Ya miƙa makullin babur, ya ɗauki jakarsa ya dawo gida da niyyar wata biyu ko uku. Wata biyun nan suka zama shekara.

Harshe bai rasa sunan da zai ba irin wannan zama ba. Ƴan boko suna ce masa shomaj, kamar wata cuta mai sunan asibiti, wadda ke kama mai takarda kaɗai. Mutanen gari ba su da wannan ladabi, zaman kashe wando suke cewa. Da safe ya kan aika takardun neman aiki ta waya, da la'asar ya tafi fada a dafa shayi, a yi gardamar siyasa da ƙwallo har dare ya raba. A fadar ne taubasansa suka gano abin da kowane ɗalibin ilmin sauti zai gano: a rubuce, mushe na malamin lakwal da mushe na dabbar da ta mutu ba a yanka ba kalma ɗaya ce, tsawon wasali da karin sauti ne kawai suke raba su. Sai suka shiga ja masa wasalin farko idan za su gaishe shi. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, dole ma ya yi dariya. Amma wasali ɗaya da aka ƙara wa tsawo ya faɗi abin da duk garin ke jin nauyin faɗi.

Mahaifiyarsa ba ta cikin masu kiransa Mushe, ba ta kuma taɓa kiran sunansa na yanka ba, saboda alkunyar ɗan fari. A bakinta shi "yaron ga" ne tun yana goye. A shekarar zaman nan ba ta taɓa tambayarsa labarin aiki ba. Ta kan dai aiko masa da fura da rana kamar yadda ake aika wa mai noma a gona, shi kuwa wannan kwanon furar ya fi kowace magana yi masa nauyi.

Zaman bakin hanya ya koya masa abu ɗaya da bai lura da shi ba lokacin da yake kan babur ɗin furoje. Manyan motocin kamfanoni irin su Rimbo suna wucewa safe da yamma, amma su masu dogon zango suke ɗauka, daga birni zuwa birni. Matar da za ta kai ɗanta asibiti a Dutsi, da dattijon da zai kai akuya biyu kasuwa, da ɗan kolej da zai je Dosso neman takarda, sai su wuni a gindin bedi suna ɗaga hannu. Ƙananan motocin da ke ɗaukar su ba su isa ba, musamman ranakun kasuwa. A Yulin 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar man fetur daga sefa 540 zuwa 499, shi kuwa ya ɗauki takarda da alƙalami ya shiga lissafi: mai nawa mota za ta sha zuwa Dutsi da dawowa, mutum nawa za ta ɗauka, me zai rage bayan an fitar da na tasha da na hanya da na gyara. Lissafin ya nuna za a ci abinci, ko da ba za a yi gini ba.

Kuɗin motar ne babu. A da, tsofaffin motocin Turai da Nijar ke amfani da su ta tashar jiragen ruwa ta Kotonu suke shigowa, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. A 2023 aka rufe wannan gada, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, sai farashin mota da na kayan gyara suka tashi. Sabuwar shigowa ta fi ƙarfinsa. Abin da idonsa ya kai gare shi wata tsohuwar Toyota ce mai gidan kaya a baya, wadda ta riga ta wuce hannu biyu a Dosso.

Da ya kai maganar gaban kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, wanda shi ne babba a gidan, dattijon ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce: "Kai ɗan nan, duk karatun ga da kay yi, a tasha za shi ƙarewa? Mi za mu ce ma mutane?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Kawu, mutanen sun riga sun gama hwaɗin abin da za su hwaɗi." Mahaifiyar tana bayan zana tana ji, ba ta sa baki ba. Bayan kwana uku aka kora shanunta biyu kasuwa, waɗanda ta yi shekaru tana kiwo don auren ƙaramar ɗiyarta. Ƙanwarsa da ke aure a Dosso ta aiko da kwasar adashinta. Kawun da kansa, da ya ga an yi nisa, ya cika sauran a matsayin rance, a biya shi wata-wata. Motar ta shigo gari bayan kakar 2024, kuma kowace tayarta da mai ita: ɗaya ta uwa, ɗaya ta ƙanwa, ɗaya ta kawu, ɗaya ta yarinyar da aka ɗage aurenta.

Yana da takardar tuƙi tun zamanin furoje, amma tasha ba ta karɓar mutum da takarda. Sai da ya yi wata uku yana bin wani tsohon direba wanda bai taɓa shiga aji ba, yana ɗaure kaya, yana wanke mota, yana tura ta idan ta ƙi tashi. Wannan aiki sunansa a bayyane yake, karen mota, kuma shi ne suna na biyu da rayuwa ta raɗa masa. Shi yana ce wa tsohon Baba, tsohon yana ce masa yaro, sai in ya yi kuskure a ɗaurin igiya ne yake tuna masa da Mushe. Daga gare shi ya koyi sauraren inji kamar yadda ake sauraren numfashin jinjiri, ya koyi rage wa taya iska kafin ya shiga rairayin Dallol, ya koyi cewa ba a tsallake layi a tasha ko da motar gabanka za ta wuni ba ta cika ba, ya kuma koyi cewa tun da tsaro ya taɓarɓare a wasu sassan bakin iyaka, direba mai iyali ba ya tafiyar dare.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ƙirga kuɗi. Wanda ya yi shekara goma sha bakwai a lakwal yana lissafi da Faransanci, sefa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa kuwa da dala take ƙirgawa, dala ɗaya sefa 5. Dala ashirin ita ce 100, dala ɗari 500, jika 1000. Idan tsohuwa ta ce dala ɗari da hamsin gare ta, 750 take nufi, kuma ba za ta jira direba ya ninka da biyar a zuciyarsa ba. A makonnin farko leɓensa ya kan motsa kafin ya ba da canji, ƴan tasha suna kallo suna murmushi. Ranar da ya fara jin adadin kai tsaye, ba tare da ya ratsa ta Faransanci ba, ranar ce ya san ya shiga sana'ar.

Kunnen da jami'a ta horar bai daina aiki ba don an sa shi a tasha. Ya lura cewa jikin motarsa da Ingilishi yake magana, takardunta kuwa da Faransanci. Mota, direba, taya, birki, giya, sitiyari, inji, faci, lodi, fasinja, har da tasha kanta, duk daga Ingilishi Hausa ta aro su, kuma ta Najeriya suka haye zuwa Arewa tare da direbobi da makanikai da kayan gyara. Amma da zarar an tsayar da shi a shinge, harshen ya sauya: permi, asiransi, kartigiris, bizit, peyaji, duwan, jandarma. Ƙarfe ya zo ta kasuwa, takarda ta zo ta hukuma, kowace kalma tana ɗauke da hatimin hanyar da ta biyo. Hausa kuma ba ta karɓi ko ɗaya a yadda ta zo ba. Inda baƙaƙe suka cunkushe ta cusa wasali ta raba su, inda kalma ta ƙare da baƙi sau da yawa ta ƙara mata wasali, har baƙuwar ta zauna daidai a bakin tsohuwar da ba ta san daga ina ta fito ba. Inda aro bai gamsar ba ta ƙera nata: karen mota, kabu-kabu, ruwa-ruwa. A Maris na 2025 sabon kundin da aka kafa a Yamai ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A tashar Kore Mairuwa an daɗe da yin wannan rabo ba tare da kundi ba: da Hausa ake ciniki, ake faɗa, ake sulhu, sauran biyun kuwa suna cikin akwatin kayan gyara da jakar takardu.

Babbar jarrabawar sana'ar ba a kan hanya take ba, a cikin gari take. Mai mota a garinsu kowa nasa ne. Gwaggo za ta shiga gaba ta zauna, a kai ta Dutsi, ta sauka ta ce "Allah shi yi ma albarka", ta tafi. Abokin mahaifinsa zai ɗora buhu biyu ya ce a kai wa wane, maganar kuɗi ba ta taso ba. Addu'a abin so ce, amma gidan mai ba ya karɓar ta, kuma ɗan da aka haifa a gaban mutum ba ya buɗe baki ya ce masa biya. A wata na farko kusan kujera ɗaya a kowace tafiya ta zumunci ce. Tsohon direban ne ya warware masa, ya ce: "Yaro, mai mota ba shi da baki. Don mi kake ganin anka yi ɗan kamasho?" Daga nan ya gane cewa ɗan kamasho da karen mota ba don lodi kaɗai aka yi su ba, su ne bakin da ke faɗin abin da kunya ta hana mai mota faɗi. Ya ɗauki wani yaro daga wani ƙauye, wanda ba shi da gwaggo ko kawu a garin, ya bar masa karɓar kuɗi kafin a shiga. Shi kuwa sai ya yi nisa, ya duƙa yana duba taya har a gama. In an kawo masa ƙara, ya kan ce motar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta marayu ce, wanda kuma gaskiya ne. Ya bar wa kansa hurumi ɗaya: mai naƙuda da gawa ba a karɓar musu ko dala.

Wata huɗu da fara aiki, mai ya ɓace. Shekaru da yawa motocin bakin iyaka da man Najeriya suke tafiya, wanda ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe a gefen hanya, mai arha saboda tallafin da gwamnatin can ke biya. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin, man ya yi tsada, masu motoci suka koma gidajen mai. Nauyin ƙasar duka ya faɗa kan matatar Soraz ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A Maris na 2025, cikin azumi, abin ya kai maƙura, layuka suka miƙe a gidajen mai daga Yamai har garuruwan jihohi. Lokacin nan ne na cikar tasha, ƴan ci-rani suna dawowa gida salla, mata suna zirga-zirgar kasuwa, motarsa kuwa tana tsaye a ƙofar gida kaji suna fakewa a ƙarƙashinta. Ranar da ya sami ƴan litoci a hannun ƴan ruwa-ruwa, farashin ya cinye ribar tun kafin ya tada inji, kuma in ya ƙara kuɗin kujera, waɗanda zai ƙara wa su ne matan da ya sani ba su da shi.

Ƙarshen wata ya zo, kuɗin kawu bai haɗu ba. Wani dillali ya zo har gida ya taya motar, tayin da zai biya rancen ya mayar da sa ɗaya. Ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya tafi ya durƙusa gaban kawun ya faɗa masa yadda ake ciki. Dattijon da ya tambayi abin da za a ce wa mutane shi ne ya ce: "Wa ya ce maka bashi na yunwa? Tahi ka riƙe motarka. Ranar da munka ga mai, mu ga kuɗɗi." Da labarin dillalin ya kai kunnen mahaifiyar, ba ta yi masa magana ba, kamar yadda ta saba. Ƙanwarsa ta gaya wa, da murya mai ƙarfin da zai ji daga ɗakinsa, cewa ita ba ta sayar da shanunta don a sayo mata shanu ba.

Man ya dawo sannu a hankali, motar ta koma layi. Ba ta yi arziki ba. Damina ta zo ta karya mata sifirin sau biyu a hanyar Tibiri, akwai makon da duk abin da aka samu a gareji ya kwana. Amma rancen kawu yana raguwa, an mayar wa ƙanwa adashinta, kuma an sa ranar auren ƙaramar. A tasha sunansa ya zauna a kan Mushe mai mota, da gajeren wasali, taubasan ma sun gaji da ja. Karatun da aka ce ya tafi a banza shi ne ya sa direbobi ke kawo masa takardar asiransi ya karanta musu abin da suka sa wa hannu, shi ke rubuta musu wasiƙa in za a kai kuka wurin hukuma, shi ke riƙe littafin kuɗin taimakon juna da suke tarawa don ranar haɗari ko rashin lafiya. Baƙin da ba su san tarihinsa ba kuwa ba su san da wani Mushe ba, mai mota kawai suke cewa, kuma ya daina jin wani abu ya soke shi in an faɗa.

Kwanan baya wani tsohon abokin aikinsa ya kira shi daga Yamai, ya ce za a buɗe wani sabon furoje, kwantiragin wata goma sha biyu, ana neman irinsa. Albashin ya fi abin da motar ke kawowa, ga inuwar ofis, ga sunan da ba ya buƙatar ƙari. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya san abin da ke bayan wata na goma sha biyu, domin ya taɓa zama a can. Ya kuma san cewa motar da aka ba wani ya tuƙa, balas ɗin da za a kawo da yamma ba ya kai rabin gaskiya, kuma tayoyin nan huɗu har yanzu ba duka ne nasa ba. Ya roƙi abokin ya ba shi zuwa bayan bikin ƙanwarsa.

A wannan makon ne ɗan kawunsa, yaro ɗan aji uku a kolej, ya same shi yana wanke mota ya ce yana son ya bar lakwal ya bi shi, tunda ga inda karatun yake kai mutum. Ya miƙa wa yaron soso ya ce ya kama masa, ya ce ranakun hutu motar tana buƙatar hannu, zai koya masa ɗaurin kaya da ƙirga dala. Amma ranar da duk ya ji an ce bai je aji ba, ko a gefen hanya ya gan shi da jaka, ba zai tsaya masa ba.